Tulin Gyaɗar da Ya Gagari Rabo

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu na wurinki.

Wata shekara, bayan manoma sun cire gyaɗa sun kwashe ta gida, sai ƙananan dabbobin wani daji suka fita roro. Gida bakwai ne: Gafiya, Kurege, Bushiya, Beguwa, Zomo, Ɓera da Zabuwa. Suka bi gonaki suna tono abin da fartanya ta bari a ƙasa, har faratansu suka dushe. Abin da kowa ya samo, sai ya kai gindin wata tsamiya ya zuba. Da aka gama, tuli ya kai tsayin Zomo in ya miƙe har da kunnuwansa. Wannan tulin shi ne abincinsu na rani gaba ɗaya. In babu shi, sai saiwa da ɓawon itace har ruwa ya sauka.

To, suna da al'adar rabo da suka gada. A zamanin kakanninsu an taɓa raba gyaɗa, ƙwaya ɗaya ta yi saura, aka yi dambe a kanta har wani ɓera ya rasa ido. Tun daga ranar dattawa suka kafa doka. Kowa zai samu daidai da kowa, kuma ba za a bar saura ba. Ba a ɓare gyaɗa kafin rabo ya ƙare, ba a ci, ba a yar. In rabo ya bar saura, sai a mayar da komai tuli a sake. Ana iya kiran baƙo ya sa hannu don masu rabo su ƙaru. Ana iya janye hannu don su ragu, amma wanda ya janye ba shi da komai a ciki, shi ya sa ba a taɓa ganin wanda ya janye ba. In kuwa an gwada sau uku tuli ya ƙi, to, sai mai rabo ya kwashe shi duka ya tafi da shi, don kada ya zauna ya zama fitina.

Shekara da shekaru Kunkuru ne mai rabo. Yakan ƙidaya tuli, sannan ya ce, "Bana ku kira baƙo ɗaya," ko ya ce, "Bana ku kaɗai kun isa." Ba a taɓa kai wa gwaji na uku ba. Amma Kunkuru ya tsufa, idonsa ya yi hazo. Sai aka ce ya zauna a gefe ya zama shaida, aka ɗauko Dila aka ba shi rabo.

Dila ya iya lissafi, wannan ba mai ja. Da hantsi ya zauna gaban tuli, ya jera gyaɗa goma-goma, ya haɗa goma-goman suka zama ɗari-ɗari. Sai ya samu dubu biyu da ɗari biyar da ashirin cif. Sai ya yi tsaki a ransa. Ya san wannan lamba. Babu mai sauƙin kai irinta. In mutum biyu ne za ta rabu, in uku ne za ta rabu, huɗu, biyar, shida, bakwai, takwas, tara, goma, duk za ta rabu ba saura. Mai rabo ba zai tashi da komai ba sai sannu da aiki.

Sai ya duba hagu, ya duba dama. Kowa na can yana hira. Sai ya zaro gyaɗa ɗaya da ya tsinta a hanya ya ɓoye a kumatu, ya sake ta cikin tuli, ya burkita komai da ƙafa. Ku lura da abin da ƙwaya ɗayan nan ta yi. Tulin da ke rabuwa bakwai ba saura, in ka ƙara masa ɗaya, ɗaya zai bari. Haka a takwas, haka a tara, haka a goma. Ƙwaya ɗaya ta rufe ƙofofin nan duka a lokaci guda.

Sai Dila ya ce, "Jama'a, ku matso. Gida bakwai, kashi bakwai."

Suka zauna a da'ira. Gafiya ta zauna nesa da Kurege, kamar kullum. Ramukansu na jikin juna, amma ba sa ga-maciji. Wata damina gujiyar Kurege ta ɓace, ya ce Gafiya ce ta huda bango, ita kuma ta ce ruwa ne ya ci. Babu wanda ya yarda da ita, don duk dajin an san Gafiya da kwashe-kwashe. Tun daga nan sai dai gaisuwa da ka.

Dila ya fara rabo yana 'yar waƙarsa:

"Ɗaya naki, ɗaya naka,
Mai rabo dai kallo nasa."

Ya zagaya, ya zagaya, tuli na raguwa, kashi na tashi. Kowa ya samu ɗari uku da sittin. Sai ga ƙwaya ɗaya kwance a tsakiyar fili.

Ɓera ya ce, "Haba, ƙwaya ɗaya ce fa. Ku kau da kai in haɗiye ta mu huta."

Bushiya ta ce, "Kakanka ma haka ya ce. Ka ga da ido nawa ya koma gida."

Aka yi dariya. Kunkuru ya ce, "A mayar." Sai aka mayar da komai tuli.

Dila ya ce, "Ba komai, na farko ne. Ku kira baƙo, takwas za ta karɓa in Allah ya so."

Akwai Kurciya a kan tsamiyar tana kallo. Zomo ya ɗaga kai ya ce, "Baiwar Allah, sauko ki sa hannu." Ba ta jira a faɗa sau biyu ba. Dila ya sake zagaye yana waƙa:

"Ɗaya naki, ɗaya naka,
Mai rabo dai kallo nasa."

Kowa ya samu ɗari uku da goma sha biyar. Sai ga ƙwaya ɗaya kwance a tsakiyar fili.

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Kurciya ta dubi kashinta, ta dubi jama'a, ta ce, "To, ni baƙuncina ya ƙare ke nan?" Kunkuru ya ce, "A mayar." Sai ta koma kan reshe tana gunaguni.

Dila ya karkaɗe hannu ya ce, "Rana ta take. Ku je ku sha inuwa, da la'asar a yi na uku. Ku zo tara, ku zo goma, yadda kuka ga dama. Ni dai nawa rabawa."

Kowa ya watse jiki a sanyaye. Gafiya ce ƙarshen tashi, don ita ba ta barin wuri sai ta shinshina shi. Da ta zagaya bayan tsamiya, sai ta ga buhuna a ninke an danne su da dutse. Raɓar safiya ba ta gama bushewa a ƙarƙashinsu ba. Wato tun kafin a fara rabo aka kawo su. Ta shinshina su, ta ji warin Dila. Mai rabon da ya zo da buhu tun da safe ya san abin da zai koma da shi. Ta tuna 'ya'yanta a rami, ta tuna yadda rani ke da tsawo. Ba ta da shaidar da za ta kai gaban kowa, kuma ko tana da ita, wa zai yarda da maganar Gafiya? Abin da take da shi kawai shi ne lambar. Bakwai sau ɗari uku da sittin, a ƙara ɗaya: dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya.

Sai ta tafi wurin Zabuwa. Ta same ta tana wankan ƙasa a ƙarƙashin sabara.

Ta ce, "Ƙawata, mutum nawa za mu zo da la'asar?"

Zabuwa ta ce, "Kada dai ku zo cika."

"Me ke nan?"

"Ke ba kya kwanci, shi ya sa. Ni in na tara ƙwai, sai in jera su biyu-biyu. In kowa ya samu abokinsa, cika ke nan. In ɗaya ya rage shi kaɗai, mara ke nan. Tulin nan namu mara ne, ƙarshensa ɗaya. Mara ba ya rabuwa biyu. Abin da ya ƙi biyu kuwa, ba zai yarda da huɗu ba, ko shida, ko takwas, ko goma, har iyakar ƙidaya. Tun ana kiran Kurciya na san aikin banza ake yi."

Gafiya ta ce, "To me ya hana ki magana?"

Zabuwa ta ce, "Wa ya tambaye ni?"

Gafiya ta haɗiye abin da ya zo mata baki. Ta ce, "To tara fa?"

"Ni iyakata cika da mara. Je ki wurin Tururuwa. Su ne masu hannu da yawa."

Sai ta tafi gidan Tururuwa. Ta yi sallama, Uwar Tururuwa ta leƙo. Gafiya ta faɗa mata lambar, ta faɗa mata abin da ke gabansu.

Uwar Tururuwa ta ce, "Wannan ba a yin sa da ka, da ƙasa ake yi." Ta yi kira, sai ga rundunarta. Kowace ta ɗauko tsakuwa ɗaya, har aka tara dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya a fili. Ta ce, "Za mu jera su layi-layi kamar kunyar gona. In layuka suka zo daidai, ba guntu a ƙarshe, to rabo ya yiwu."

Suka jera uku-uku, ɗaya ta rage. Suka jera biyar-biyar, ɗaya ta rage.

Gafiya ta ce, "A gwada tara."

Uwar Tururuwa ta ce, "Kada ki gajiyar min da 'ya'ya. Tara ai uku ce sau uku. Abin da ya ƙi uku ya ƙi tara, ya ƙi sha biyar, ya ƙi ashirin da ɗaya. Ba ma gwada 'ya'ya in uwa ta ƙi. Waɗanda su kansu ba sa rabuwa, su kaɗai za mu gwada."

Suka jera sha ɗaya-sha ɗaya, biyu suka rage. Gafiya ta ji daɗi da ta ga saura ya canza, ta ce, "Ya fara motsi!" Suka jera sha uku-sha uku, sha biyu suka rage, saura ƙwaya ɗaya layi ya cika. Gafiya ta dafe kai. Suka jera sha bakwai, biyar suka rage. Suka jera sha tara, sha uku suka rage. Suka yi ashirin da uku, suka yi ashirin da tara, suka yi talatin da ɗaya, talatin da bakwai, arba'in da ɗaya, arba'in da uku. Kullum sai an ga guntun layi a ƙarshe kamar jelar da aka datse. Suka yi arba'in da bakwai, talatin suka rage. Sai Uwar Tururuwa ta ce, "A tsaya."

Gafiya ta ce, "Iya, a ci gaba mana. Ai ƙidaya ba ta ƙare ba."

"Ta ƙare. Dubi nan." Ta sa aka jera hamsin-hamsin. Layi hamsin suka fito, tsawo da faɗi daidai kamar ɗaki mai kusurwa huɗu, ashirin da ɗaya suka rage a gefe. Ta ce, "Kin ga tsawo ya kamo faɗi. Daga nan in layi ya ƙara tsawo, yawan layuka raguwa zai yi. In da akwai babbar lambar da za ta raba shi, to da akwai ƙaramar abokiyarta a ƙasa da hamsin, kuma da mun ci karo da ita. Ba mu ci karo da kowa ba. Tulinku ba ya rabuwa."

Gafiya ta zauna daɓas a ƙasa.

Uwar Tururuwa ta matso, ta sassauta murya. Ta ce, "Amma akwai hanya. Ku bakwai ne. Ni zan ba ki baƙi dubu biyu da ɗari biyar da goma sha huɗu. Kowa ƙwaya ɗaya, ba saura. Mu kuma sai mu adana muku namu a cikin gida."

Gafiya ta dubi bakin ramin tururuwa, wanda ko farcenta ba ya shiga. Ta ce, "Na gode, Iya. Allah ya bar zumunci." Ta tashi ta kama hanya.

Sai ta tafi wurin Kunkuru. Ta same shi inda aka bar shi, a gindin tsamiya, yana gyangyaɗi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kwashe duka ta faɗa masa, ban da zancen buhuna.

Kunkuru ya gyara zama. Can ya ce, "Lambobi iri-iri ne kamar mutane. Akwai cika, akwai mara. Akwai mai sauƙin kai, kowa ya zo ta karɓe shi. Da tulin nan ya gaza da ƙwaya ɗaya, da kin ga sarauniyar masu sauƙin kai, don babu lambar da ke ƙasa da ita da ke karɓar kowa daga ɗaya har goma. Akwai kuma wadda muke kira gagara-rabo. Biyu, uku, biyar, bakwai, sha ɗaya, duk danginta ne, sai dai su ƙanana ne, ba a jin tsoronsu. Taku babba ce. Duk shekarun da na yi ina rabo, Allah bai haɗa ni da babbar gagara-rabo ba."

Gafiya ta ce, "Baba, ƙwaya ɗaya tsakanin waccan da wannan. Ba ka ga abin mamaki ba?"

Kunkuru ya ce, "Idona ya yi hazo, 'yar nan. Abin da ban gani ba, ba na shaidarsa."

"To ba ta da ƙofa ko ɗaya?"

"Tana da biyu. Kowace lamba tana da su. Ta farko, masu rabo su yi yawan tulin, kowa ƙwaya ɗaya."

"An riga an yi min tayin wannan."

"Ta biyu, mai karɓa ya zama ɗaya. Ya ɗauki duka, ba saura."

Gafiya ta ce, "Wato shida su janye hannu."

"Doka ba ta hana ba. Amma ki sani, wanda ya janye ya janye. In ɗayan nan ya kwashe ya shige rami ya toshe, ni da bakina zan ce nasa ne."

Gafiya ta koma gefe ta zauna tana auna mutanenta ɗaya bayan ɗaya. In ta ce a bar mata, ko Zabuwa ba za ta yarda ba. Ɓera ba mugu ba ne, amma bakinsa ba ya zama kusa da abinci. Zomo matsoraci ne, in Dila ya zare masa ido zai miƙa masa rabi. Beguwa tana da 'ya'ya da yawa, kuma mai 'ya'ya da yawa takan ga kamar ta fi kowa buƙata, ba ta ma san ta yi zalunci ba. Bushiya da Zabuwa ƙawayenta ne, in ta ambaci ɗayarsu za a ce sun haɗa baki. Saura Kurege. Kurege ba ya ƙaunarta. Amma ta shekara tana jin motsinsa ta bango, ta san shi. Ba ya fita sai ya taje jelarsa. In ya ba wani abu, yana so a gani. Yunwa ba ta damunsa kamar yadda maganar mutane ke damunsa.

Da la'asar aka taru. Dila ya zo yana murmushi, ya ce, "To, tara ne ko goma?"

Zomo ya ce, "Ni dai na ce goma. Goma lamba ce mai kyau."

Gafiya ta miƙe ta ce, "Ba tara, ba goma." Ta faɗa musu abin da Zabuwa ta ce, da abin da tururuwa suka jera, da ƙofofi biyu na Kunkuru. Sannan ta ce, "Mu shida mu janye, mu bar wa mutum ɗaya."

Beguwa ta tayar da ƙayoyinta ta ce, "Mun ji. Mutum ɗayan kuma ke ce, ko?"

Gafiya ta ce, "Kurege ne."

Kowa ya juya ya dubi Kurege. Kurege da kansa ya saki baki. Ya ce, "Ni? Ke da ni ko gaisuwar kirki ba ma yi. Don me?"

Ta ce, "Don ba ka iya jure a yi da kai. In ka cinye mana abinci, duk inda ka ɗaga jelar nan za a nuna ta a ce ga ta can. Ba za ka iya ba."

Ɓera ya fashe da dariya. Kurege ya ɗaure fuska ya ce, "Wannan yabo ne ko zagi?"

Gafiya ta ce, "Yadda ka ɗauka. Ni dai na janye hannuna." Ta ja da baya ta zauna a wajen da'ira.

Zabuwa ta ce, "Tun da yau an tambaye ni, ni ma na janye." Bushiya ta janye. Zomo ya dubi Dila, ya dubi ƙasa, ya janye. Ɓera ya yi ajiyar zuciya ya janye. Beguwa ta daɗe tana kallon tuli. Ta ce, "Kurege, ka san yawan bakin da ke gidana." Sannan ta janye.

Dila ya daka tsalle ya ce, "Wannan ba rabo ba ne! Ina aka taɓa raba abu tsakanin mutum ɗaya?"

Kunkuru ya ce, "Doka abu biyu ta nema. Wani ya fi wani a cikin masu hannu?"

"Ai shi kaɗai ne!"

"To bai fi kowa ba. Akwai saura?"

Dila ya kau da kai.

Kunkuru ya ce, "Raba, mai rabo."

Wannan karon babu waƙa. Dila ya tura tuli da ƙafa gaban Kurege, fili ya zama wayam, ko ƙwaya ɗaya babu a tsakiya. Kunkuru ya ce, "Rabo ya ƙare. Gyaɗa ta Kurege ce."

Kurege ya zagaya tuli sau ɗaya. Ya hau kansa ya zauna, ya baza jela. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya juya ta, ya ɓare, ya jefa a baki. Ya tauna a hankali, kowa na jin ƙarar haƙoransa. Gida shida suna kallo.

Sai Dila ya lallaɓo ya raɗa masa, amma raɗar da kowa ya ji. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yanzu ya koma dubu biyu da ɗari biyar da ashirin. Yana rabuwa yadda ka so. Raba takwas ka sa ni, kowa ɗari uku da goma sha biyar. Ko ka raba shida, ka cire wadda ta huda maka bango, kowa ɗari huɗu da ashirin. Ba saura, ba mai cewa ka karya doka."

Gafiya ta dubi tuli. Wannan ba ta auna shi ba. Lambar da ke karɓar kowa tana iya barin kowa a waje. In aka raba shida, kowa zai samu ƙarin sittin, kuma ta san ƙarin sittin yana rufe baki. Ta dubi Beguwa, sai ta ga Beguwa na kallon ƙasa.

Kurege ya sauko. Ya ɗauki tsinke ya fara zana da'irar kashi a ƙasa. Ya zana ɗaya, ya zana biyu, ya zana uku, huɗu, biyar, shida. Sai ya tsaya, ya sa tsinke a baki yana sakace. Ya juyo ya dubi Gafiya.

Ya ce, "Maƙwabciya, gujiyata. Ruwa ne ko ke ce?"

Ta ce, "Ruwa ne. In na ce ni ce don in samu kashi, na yi maka ƙarya."

"Ba za ki ko roƙe ni ba?"

"Na riga na ba ka duk abin da nake da shi. Me ya rage in roƙa da shi?"

Kurege ya dube ta, ya dubi jama'a, ya ga duk idanu na kansa, har da na Kurciya a kan reshe. Ya gyara jelarsa. Ya ce, "Bangon nan dai yana son yaɓe kafin damina. Ni ba zan yi shi ni kaɗai ba."

Gafiya ta ce, "Ni ke da laka."

Sai ya sunkuya ya zana na bakwai.

Da hannunsa ya raba, bai bar Dila ya taɓa ba. Kowa ya samu ɗari uku da sittin, fili ya zama wayam. Beguwa ta yi guɗa. Ɓera ya fara ci tun bai tashi ba. Zabuwa na gaya wa kowa cewa ita tun farko ta sani.

To kun ji. Abin da ya gagari rabo ba ya rabuwa don an ƙara hannuwa a kansa, sai an samu masu iya janye nasu. Kuma in za ka damƙa wa mutum abincinka, ka san halinsa tukuna, ko da ba ya ƙaunarka.

Dila ya ga kowa na jan kashinsa, sai ya ce, "To ni fa? Tun hantsi nake aiki. Ba ladan rabo?"

Kurege ya duba ƙasa, ya ga ɓawon gyaɗar da ya ci. Ya ɗauka ya hure masa ƙasa, ya miƙa masa da hannu biyu. Ya ce, "Ga shi, ɓari biyu ne. Cika ne, yana rabuwa."

Dila ya zagaya bayan tsamiya ya ɗauki buhunansa a ninke yadda ya kawo su, ya bi hanya. Gafiya da Kurege kuwa suka jawo gyaɗarsu ta hanya ɗaya, suna gardamar wanda zai ɗebo ruwan kwaɓa laka.

Ƙurunƙus kan ɓawon gyaɗa.